Ku tsaya a tsakiyar labarin

Assalamu alaikum iyaye da malamai na Mai Wurno da Damazin da Gadarif a ƙasar Sudan. Ga wata dabara ga masu karanta wa yara littafi bayan magariba.

Idan kun iso wurin da rigima ta ɓarke a labarin, ku rufe littafin. Ku tambaye su: wa aka cuta? Da ku ne dattawan unguwa, yaya za ku raba gardamar? Kowa ya faɗi nasa, har autan gida, sannan a ƙarasa. Yaran da suka ga rikicin jihar Bulu Nayil na 2022, ga kuma yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023, suna buƙatar wurin da za su yi maganar zalunci ba tare da tsoro ba.

Littattafan kasuwa galibi na Larabci ne. A karanta haka, a tattauna da Hausa. Amma ku duba tukuna. Littafin da ya jingina mugunta da wata ƙabila ko launin fata, a ajiye shi.

Babu littafi? Ku rubuta tatsuniyar Gizo a littafin rubutu, yara su zana hotunan.