Yadda ake cire duram ɗin birkin baya na dabbab (babur mai taya huɗu) in ya kafe

'Yan uwa masu aikin hayar dabbab a Sumama wajen Riyad kun dame ni da tambayar nan, to ga shi. Yawanci yashi da tsatsa ne ke riƙe shi.

1. Aje dabbab ɗin a wuri mai tauri, ka tokare tayoyin gaba da dutse.
2. Sassauta notocin taya tun yana ƙasa.
3. Ɗaga da jak, ka sa katako a ƙasa. Kar ka yarda da jak kaɗai, balle kan yashi.
4. Cire taya.
5. Saki birkin hannu. Nan mutane ke mantawa su yi ta duka a banza!
6. Kwance notin da ke ɗaure wayar birki har ta saki.
7. Zare fin (ɗan ƙarfen da ke hana noti kwancewa), ka cire babban notin aksil, wato sandar ƙarfen da ke juya tayoyin baya.
8. Fitar da hob (ƙarfen da ake ɗaure taya a kai) da murfin duram.
9. Fesa WD-40 (man sassauta tsatsa) a haƙoran aksil, ka je ka sha shayi ya jiƙa. Kar ya taɓa shu, wato takalman birkin da ke cikin duram.
10. Bubbuga gefen duram da gudumar roba kana juya shi.
11. In ya ƙi, sa fula (na'urar da ke jawo duram ya fito). Kar ka daki bakin aksil da ƙarfe wallahi tiredi zai mutu, noti ba zai sake hawa ba.
12. Goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, ban da hurawa da baki.