Kurakuran da muke yi wajen kama babban otal in za mu hutu bakin teku

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu kenan da na cika wa maiɗakina alkawarin da na daɗe da yi mata, cewa in Allah ya sa riɗi ya yi kuɗi zan kai ta ta ga teku da idonta, don ita ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne kogin Haɗeja in ya cika ya batse. Muka gama kaka, na kai kaya Maigatari ranar Alhamis aka saya, na ware kuɗin tafiya daban. Tafiya ta yi albarka alhamdulillahi, amma akwai kuɗin da suka tafi a banza waɗanda har yau in na tuna sai raina ya sosu. Tun da na dawo kuma mutanen yankinmu na Gumel suke ta tambayata yadda ake kama otal, musamman angwaye, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya amfana.

Babban kuskuren da ya fi cin mutane, ni ma shi ya ci ni, shi ne yarda da hoto da kalmar "bakin teku". Na ga hoton ɗaki a waya, taga a buɗe ruwa shuɗi shar a bayanta, ban tambayi komai ba na tura kuɗin kwana uku. Da muka isa, wani otal ne a Legas ba zan kama suna ba, maiɗakina ko mayafi ba ta cire ba ta nufi taga ta ɗaga labule, sai ga bangon wani bene da tankokin ruwa a kansa, can ta tsakanin gini biyu kake hango wani ɗan sili na ruwa kamar zare. Ta juyo ta ce "Alhaji ina tekun?" Wallahi ban san abin da zan ce mata ba. Na sauka risepshin aka ce ai ɗakunan da ke kallon ruwa suna hawa na sama, kuɗinsu daban, kuma duk an kama.

To ga abin da ban sani ba a lokacin. Legas ruwanta iri biyu ne, akwai ruwan kwance wanda ya ratsa cikin gari, shi ne kake bi ta kansa in ka hau gadar Third Mainland, sannan akwai ainihin tekun Atlantika mai igiyar ruwa da ruri. Otal da yawa a Ikoyi da wani ɓangare na Victoria Island ruwan kwancen nan suke kallo, ba ƙarya suka yi ba in sun ce suna bakin ruwa, amma ba shi ka zo gani ba. Tsohon bakin tekun Bar Beach da iyayenmu 'yan kasuwar Ikko suke ba mu labari ma yanzu an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. In rairayi kake so ka taka, sai ka yi wajen Lekki, ko ka shiga kwalekwale zuwa Tarkwa Bay, ko ka miƙa Badagry. Haka Kalaba, mutane suna ɗauka a bakin teku take alhali a bakin kogi take zaune, in dogon rairayi kake nema a can ɓangaren sai Ibeno a jihar Akwa Ibom. Gyaran wannan ba wuya, kafin ka tura ko sisi ka kira su ka ce a yi maka bidiyo kol daga cikin irin ɗakin da za ka biya, a ɗaga labule ka gani, sannan ka tambaya daga ƙofar otal zuwa inda ƙafa za ta taɓa yashi minti nawa ne a ƙasa. Wanda ya fara kame-kame ka bar shi.

Sai maganar kuɗi. Farashin da ka gani a rubuce sau da yawa ba shi za ka biya ba. Akwai harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, jihar Legas tana da nata kashi 5 a kan otal da gidajen abinci, manyan otal da yawa kuma suna ɗora kuɗin hidima wajen kashi 10. Misali ɗakin da aka ce maka naira 150,000, in aka ɗora duka ukun a kai ya koma 183,750 a dare ɗaya, kwana uku ƙarin kawai ya haura dubu ɗari. Wasu sun riga sun haɗa a ciki wasu ba su haɗa ba, don haka tambayar ita ce, "nawa zan biya gaba ɗaya ranar fita, da karin kumallo na mutum biyu ko babu?" A rubuto maka a WhatsApp ka ajiye. Kuma ɗan firij ɗin nan da ke cikin ɗaki cike da lemo da cakulan ba kyauta ba ne, duk abin da yaro ya buɗe an rubuta, ninkin farashin shago.

Wajen biya ma a yi hattara, akwai masu buɗe shafin Facebook ko Instagram da hotunan otal na gaske su saka lambarsu. In aka ba ka akawun ka ga sunan mutum ne ba sunan kamfani ba, tsaya. Ka kuma tambayi sharaɗin fasawa, don mu mutanen ƙauye rasuwa ko suna ko ɗaurin aure na iya tasowa dare ɗaya ya rushe tafiya, ɗakin da ya ɗan fi tsada amma za a mayar maka da kuɗinka ya fi mai rahusar da in ka fasa shikenan.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, kuma ban taɓa jin wani ya faɗa ba. Mu fa 'yan karkara ne. Irin wuraren hutun da ake tallatawa da sunan hutun ƙauye, an gina su ne don mutumin birni da bature wanda hayaniya ta ishe shi, shi in ya ga bukkar ciyawa da fitilar ƙwai da kukan tsuntsaye ba talabijin ba netwok, ya ga aljannar duniya kuma zai biya ko nawa ne. Amma matar da take tashi da asuba ta hura icce, ta yi shara, ta ɗebo ruwa a famfon tuƙa-tuƙa, ka ɗauke ta ka kai ta bukka mai tsada ka ce ta huta? Ita hutunta esi mai sanyi, ruwan zafi daga shawa, gado mai laushi da farin zanin gado, abinci ya zo ba ita ta dafa ba. Ƙanina ya yi wannan kuskuren da amaryarsa, kunya ta hana ta magana sai da suka dawo ta faɗa wa maiɗakina. In za ka haɗa teku da daji a tafiya ɗaya, nemi dajin da ba irin namu ba. Obudu a Kuros Riba tsauni ne da ya haura mita 1,500, kusa da iyakar Kamaru, hazo yana sauka har ka kasa ganin na gabanka, sanyin dare sai da bargo da rigar sanyi. Mambila a Taraba ga gonakin shayi kore shar. Ko nan kusa Yankari a Bauchi ga namun daji ga ruwan ɗumi na Wikki. Wannan shi ne abin da ido bai saba ba.

Amma a lura da nisa. Mutum ya kalli taswira ya ga Kalaba da Obudu jiha ɗaya ce sai ya ɗauka kamar Gumel da Dutse ne, alhali kusan wuni guda za ka yi a mota, ƙarshen hanyar kuma hawa ne mai lanƙwashe-lanƙwashe da ba a so dare ya same ka a kai. In kwana huɗu gare ka zaɓi wuri ɗaya ka zauna. Legas ma daga Kano jirgi kamar awa ɗaya da rabi ne, amma daga filin jirgin Ikeja zuwa Lekki in ka faɗa goslo za ka iya daɗewa fiye da hakan a hanya. Yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai wajen biyu na rana, fita kuma sha biyu, in jirginka na sassafe ne ka nemi alfarma tun kafin ka taso kada iyali su zauna a falo da jakunkuna.

Lokacin tafiya ma muna auna shi da daminarmu ne, kuskure ne. Mu sai Yuni ruwa yake kankama, su kudu tun Maris ko Afrilu suke farawa har Oktoba, Yuni da Yuli a Legas kana iya kwana uku a ɗaki kana kallon ruwan sama. Disamba kuma babu ruwa amma gari ya cika, ga masu dawowa daga ƙasashen waje ga bikin kanibal na Kalaba, ɗakuna sun yi tsada ga kiɗa har asuba. Ni a ganina daga tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu ya fi mana, an gama kaka kuɗi na hannu, jama'a sun watse. Masu halin zuwa Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, wadda galibin mutanenta Musulmi ne abinci ba ya ba da wahala, ku guji Maris zuwa Mayu saboda ruwa, kuma ku sani a gabashin tsibirin irin su Paje da Jambiani teku yana janyewa nesa sosai na wasu awanni kullum ya bar fili, a Nungwi da ke arewa abin bai kai haka ba.

Sannan addini da tarbiyya, kada kunya ta hana ka tambaya. Tsadar otal ba ta nufin ya san bukatarka. Wani banɗakin ga tayil ga madubi amma babu buta babu ɗan tiyon tsarki sai takarda, mu tun daga gida muke saka ƙaramar buta da darduma a jaka. Ka ce a kwashe giyar da ke firij kafin ku shiga, suna yi ba musu. A teburin karin kumallo ka tambayi tsiran bature da yankakken naman da aka jera na mene ne, don ana saka na alade. Ka nemi ɗakin da ya yi nesa da mashaya da wurin ninƙaya, musamman in akwai yara, ka tambayi masallacin Juma'a mafi kusa, a Legas ba ya wuya.

Na ƙarshe kuma don Allah matasanmu ku ji wannan. Iya iyo a dam ɗin Tiga ko kududdufin bayan gari ba shi ne iya teku ba. Tekun gaɓarmu yana da wani ja ta ƙasa, ina tsaye ruwa iya gwiwata na ji yashi yana zarewa daga ƙarƙashin tafin ƙafata kamar ana jan tabarma, nan take na ja da baya na riƙe hannun maiɗakina muka koma kan tudu. Kafin ka kama otal ɗin da ke da nasa rairayin ka tambaya ko suna da masu ceto a bakin ruwa da rana, in ka ga an kafa jar tuta kada ka shiga, yara kuma hannunsu a naka ko da hoto kawai za a ɗauka.