Yadda Ake Tsawaita Kod a FL Studio

Kod shi ne sautuka uku ko fiye da ake dannawa lokaci guda. Idan ya yanke tun mawaƙi bai kai ƙarshen baiti ba, sai ka ji kiɗan ya yi rami. Gyaran ba wuya.

A FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, zaɓi tashar kayan kiɗan, ka danna F7, Piano roll zai buɗe, wato allon da kowane sauti ke fitowa kamar sanda a kwance. Riƙe Ctrl ka ja linzami ka kewaye duk sandunan kod ɗin, kada ka bar ko ɗaya, in ba haka ba biyu su miƙe ɗaya ta tsaya a baya. Kai linzami bakin dama na kowace daga cikinsu har ya koma kibiya mai kai biyu, sannan ka ja. Duk za su biyo tare. A saurin bugu 120 a minti, bugu huɗu daƙiƙa 2 ne, don haka kod na daƙiƙa 4 bugu takwas yake buƙata. Jan yana tsalle daga layi zuwa layi; riƙe Alt idan a tsakani kake son tsayawa.

In so kake kowane kod ya kai bakin na gaba da shi, zaɓe su ka danna Ctrl da L. Ya fi ja da hannu, domin hannu kan zarce, kod biyu su hau juna, kiɗa ya dagule.

Daga nan leƙa Playlist, allon da ake jera guntayen kiɗa, da F5. Idan an taɓa yanke guntun kiɗan a can, ja bakinsa shi ma, ko ƙarin da ka yi ba zai fito ba.

Inda aka fi shan wahala shi ne sanda ta yi tsawo amma sauti ya mutu a hanya. Fiyano haka halinsa yake, dusashewa yake yi ko ka ja shi har gobe. Ɗora masa Pad ko Strings, sautukan da ba sa saurin dusashewa, a ƙasa su riƙe wurin. In kuwa Pad ɗin ne ke mutuwa, ɗaga Sustain, saitin da ke riƙe ƙarfin sauti har sanda ta ƙare, galibi shi ne a ƙasa. Sautin da aka zuba a Sampler, tashar da ke kunna sautin da aka riga aka naɗa, kuma iyakar tsawonsa ke nan, sai in yana da wurin maimaitawa ka kunna Use loop points.

Kod ɗin da aka riga aka naɗa a matsayin fayil ɗin sauti (audio), miƙe shi za a yi. A saitin fayil ɗin, sauya Mode daga Resample zuwa Stretch tukuna, domin Resample na saukar da amon, ya saɓa da sauran kiɗan.