Yadda na ceto littattafan kwamfuta na ɗakin karatunmu a Agege

Lokacin da aka ba ni kula da ƙaramin ɗakin karatun makarantarmu ta Islamiyya a Agege, na tarar an ajiye littattafan kwamfuta a faifan CD, waɗanda danshin Legas ya riga ya ɓata wasunsu. Waɗanda suka buɗu ma ba su karantuwa, domin duk inda ƙ, ɗ ko ɓ ya kamata ya fito, sai wata alama marar ma'ana ta bayyana.

Da na bincika, sai na gane cewa an rubuta su ne da tsohon salon haruffa wanda ya ari gurbin wasu alamomi ya ɗora haruffa masu lanƙwasa a kai, don haka kwamfutar da ba ta da wannan salon ba za ta nuna su daidai ba. Na buɗe kowane littafi a manhajar rubutu ta LibreOffice, na musanya alamomin da haruffan Unicode, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da kwamfutocin zamani ke ganewa, sannan na bi shi shafi-shafi, domin musanyar gaba ɗaya takan taɓa lambobi da alamar baka-biyu ba tare da mutum ya lura ba. Wannan ne ya fi cin lokaci.

Daga nan na adana su a tsarin PDF/A, wanda hukumar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya (ISO) ta fitar a 2005 domin ajiya mai dogon zango, kuma yana ƙunshe haruffansa a cikin fayil ɗin. Yanzu kwafi uku muke da su: ɗaya a kwamfutar ɗakin, ɗaya a intanet, ɗaya kuma a na'urar ajiya da ke hannun shugaban makarantar, wadda nake gwadawa duk bayan wata shida.