Yadda ake zuwa hawan duwatsun Idanre daga Legas

Mazaunin Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba da ya gaji da hayaƙin danfo da cunkoson hanya zai iya samun dutse da kurmi a tafiyar kwana biyu kacal. Duwatsun Idanre suna jihar Ondo, kusa da Akure, sun kewaye garin Idanre ta kowane ɓangare, ga daji mai duhu da gonakin koko a gindinsu. Tun 2007 wurin yake cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Fara da zaɓen lokaci, domin shi ne rabin tafiyar. Ka je tsakanin Nuwamba da Maris. Da damina gansakuka kan lulluɓe dutsen ya yi santsi, kuma ruwan kudu kan sauko ba sallama.

Sai mota. Ka yi sammako zuwa tashar Ojota ka hau ta Akure, wadda ke bi ta Ibadan da Ife. In hanya ta yi kyau awa huɗu zuwa biyar ce, in ta cushe a fitar Legas kuwa sai haƙuri. Ka kwana a Akure, washegari bayan sallar asuba ka shiga ƙaramar mota zuwa Idanre, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ban ba kowa shawarar ya yi zuwa da dawowa rana guda ba, don ƙarshenta tafiyar dare ce da jiki a gajiye. Kuma ku tafi ku uku ko huɗu, a gida a san inda kuka nufa.

Babbar riga da silifas a bar su a masauki. Takalmin kambas mai kama ƙasa, riga mara nauyi, hula, maganin sauro, da tsabar kuɗi don kuɗin shiga da sallamar ɗan jagora. A jaka ka zuba dabino da ƙuli-ƙuli, da ruwan da zai ishe ka sha har ka yi alwala a sama.

Matakalar da ke kai mutum sama ta haura 600, da wuraren hutawa biyar a hanya. Wanda ya saba hawan Dala a Kano ko Kufena a Zariya kada ya raina ta. Iskar nan cike take da raɓa, gumi ba ya bushewa a jiki, sai ka ga riga ta manne a baya tun kafin hutu na biyu, numfashi yana fita da ƙyar. Ka zauna a kowane wurin hutu ko ba ka ji gajiya ba, ka kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan, ka waiwaya ka ga rufin kwanon garin yana ƙanƙancewa a ƙasa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tuntuɓi likita kafin ya taso.

Yawancin baƙi da sun kai ƙarshen matakala sai su ɗauki hoto su juya, kuma wannan asara ce babba. A saman ne tsohon garin yake, Oke Idanre, inda mutanen suka zauna ɗaruruwan shekaru kafin su sauko a ƙarni na 20. Fadar sarkinsu, Owa, tana nan da katangar ƙasa da ginshiƙan itace masu sassaƙa. Akwai tsohuwar kotu, da tsohuwar makarantar firamare, da wani sawun ƙafa a jikin dutse da suke kira Agboogun. Ka ware wa wannan ɓangaren aƙalla awa biyu, ka bar ɗan jagora ya yi bayani ba tare da ka hanzarta shi ba. Wasu wuraren na al'adar masu gari ne. In ya ce nan ba a shiga, ko ba a ɗaukar hoto, ka ce to, ka wuce. Baƙo kake, kuma yadda ka yi da su haka za su karɓi Bahaushen da zai zo bayanka. Robar ruwa da leda ka maida su jaka.

Ka fara saukowa kafin la'asar. Sauka ta fi hawa cin gwiwa, nan ne ƙafa ke rawa mutum ya zame, don haka ka taka a karkace, ɗaya bayan ɗaya, waya tana aljihu. In ka iso ƙasa da sauran rana, ka koma Akure ka sake kwana, da safe ka kama motar Legas.