Kafin ka ce a sayo maka saksofon: kurakuran da aka fi yi wajen zaɓe

Saksofon ba iri ɗaya ba ne, kuma daga nan ake fara tuntuɓe. Saurayi zai ga ƴan fanfar, wato masu bushe-bushen fareti, sun wuce ranar 18 ga Disamba, bikin Jamhuriyar Nijar, ko ya ga wani mabushi a waya, sai ya tara kuɗinsa ya aika Kano ko Yamai a sayo masa "sakso". Wane iri? Bai faɗa ba, don bai san akwai iri-iri ba. Ɗan aike kuwa abin da ya tarar a shago shi zai ɗauko.

Adolphe Sax, mutumin garin Dinant a Beljiyam, ya yi rajistar wannan abin busa a Paris a 1846, kuma dangi guda ya ƙera, daga ƙarami har ƙato. Huɗu ne suka fi yawo a hannun mabusa yau: soprano, alto, teno da bariton. Jerin maɓallansu ɗaya ne, yatsan da ke ba ka sautin da ake kira Sol a alto shi ke ba ka Sol a teno. Wannan kaɗai ya isa ya kwantar wa mai koyo da hankali, domin wanda ya fara da ɗaya ba zai sake karatu daga baƙi ba ranar da ya koma wani. Bambancin yana ga nauyi, da yawan iskar da kowanne ke sha, da murya, da kuɗin riƙo.

Wanda aka fi kuskuren saye shi ne soprano. Siriri ne, miƙaƙƙe, yana kama da algaita, kuma mutane sun saba da muryarsa a wajen Kenny G. Sai a ɗauka tunda shi ne ƙarami, shi zai fi sauƙi. Ba haka ba ne. Bakin busarsa ɗan mitsitsi ne, leɓe ya ɗan matsa kaɗan sauti ya hau, ya ɗan saki sauti ya sauka, kuma a sautukan sama babu inda kuskure zai ɓuya. Mai koyo da bai riga ya gina ƙarfin leɓe ba zai yi wata da watanni yana ƙara, maƙwabta suna tsaki, shi kuma yana zaton laifin kunnensa ne. Soprano mai araha ya fi kowanne muni a nan, don kuskuren milimita ɗaya a wajen huda ramukansa ya fi illa fiye da a babban sakso. A kula kuma, akwai soprano mai lanƙwasa da ke kama da ɗan ƙaramin alto. Iyaye kan gan shi su ce ga daidai yaro. Soprano ne dai, da duk rigimarsa. Gyaran wannan kuskure shi ne a ajiye soprano ya zama na biyu, bayan an shekara ɗaya ko biyu ana busa wani.

Akwai kuma masu zaɓe da ido, su ga cewa namiji sai da babban kaya. Alto nauyinsa wajen kilo 2 da rabi ne, teno ya haura kilo 3, bariton kuwa yakan kai kilo 5 zuwa 6. A hannu ba komai ba ne. Rataya shi a wuya da maɗauri ka tsaya awa biyu a wajen biki cikin zafin Afrilu, lokacin da Maraɗi ke haura digiri 40, sannan ka ba da labari. Ga batun sufuri: akwatin alto ana goya shi a baya a hau kabo-kabo lafiya lau, na teno da ɗan dabara, na bariton ya wuce mita guda, kuma duk ramin da aka faɗa a hanya sandunan maɓallansa ne ke ji. Bariton kayan ƙungiya ne, fanfar ko babban orkes su saya su ajiye, ba abin da mutum zai fara da shi da kuɗin aljihunsa ba.

Ga yaro ɗan shekara 9 ko 10, babu dogon zance, alto ne. Abin dubawa biyu ne: haƙoransa na gaba na manya sun fito, don a kansu bakin busa ke zama, sannan ƙaramin yatsansa na dama ya kai maɓallan ƙasa ba tare da tafin hannu ya danne na gefe ba. In Baba ya ce a sayi teno "ya girma da shi", a ba shi haƙuri. Yaron da kaya suka fi ƙarfinsa yakan karkace wuya, ya saba da mummunar tsayuwa, ko ya jingine abin a bayan ƙofa.

Babban mutum fa? A nan ne zaɓe tsakanin alto da teno yake da ma'ana, kuma ni alto nake ba wa mafi yawan masu farawa. Ya fi araha, bai shan iska da yawa, littattafan koyo sun fi yawa a kansa, kuma in ka tashi sayarwa ba ka rasa mai saye. Amma ban yarda a hana mutum teno ba in muryar teno ce ta shigo da shi harkar. Wanda ya tashi da sautin Manu Dibango ko Fela Kuti a kunne, kuma yana da ƙirji da tsawon hannu, ya ɗauki teno, domin abin da kake son jin muryarsa shi za ka riƙa buɗe wa akwati kullum. Abin lura kawai shi ne inda za ka busa. Muryar teno tana zaune kusa da muryar namiji, don haka in mawaƙin ƙungiyarku namiji ne, sai kun riƙa ba juna hanya, in ba haka ba ku yi ta karo. Alto yana hawa sama da shi, ya fito fes ko da ganguna sun yi yawa.

Kuskuren da ke ba da kunya a bainar jama'a shi ne rashin sanin cewa Do ɗin sakso ba Do ɗin piyano ba ne. Alto da bariton a Mi bemol aka gina su, soprano da teno a Si bemol (Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si sunayen sautuka ne; bemol sauti ya ɗan sauka ke nan, diyez kuma ya ɗan hau). Ma'ana, in mai piyano ya danna Do, mai alto La zai busa kafin su haɗu, mai teno kuma Re. Sabon mabushi yakan je wajen gwaji na farko, a ce "muna Do", ya busa nasa Do, kowa ya juyo yana kallonsa, shi kuma ya koma gida yana cewa an sayar masa da lalataccen kaya. Kayan lafiyarsu ƙalau. In ƙungiyarku masu jita ne, su da ke son Mi da La, to ka shirya: Mi ɗinsu Do diyez ne a alto, Fa diyez a teno, duka biyun da aiki. Kada wannan ya sa ka canza irin sakson da kake so, babu wanda ya kuɓuta. Rubuta jadawalin a takarda ka manna cikin murfin akwati har ya zauna maka. In kuma fanfar za ka shiga ko ƙungiyar mawaƙan coci, tambayi shugaba tun kafin ka kashe ko dala: wace murya ce babu? Yana iya yiwuwa suna da alto uku, teno suke nema.

Wani lokaci dillali zai fito da tsohon sakso na Turai ko Amurka, ya ce maka wannan a Do yake, ba ruwanka da lissafi. Gaskiya ne akwai shi, an yi yayinsa a Amurka a shekarun 1920, girmansa tsakanin alto da teno. Amma an daɗe da barin ƙera shi da yawa, bakin busarsa da fatunsa, wato ƴan fatun da ke ƙarƙashin maɓallai suna toshe ramuka, wahalar samu gare su. Haka wasu tsofaffin da aka buga wa harafin H ko HP a jiki kusa da lambarsu: an ƙera su a kan wani ma'aunin sauti da ya fi na yau tsayi, ba za su taɓa daidaita da piyanon zamani ba, kome ka yi musu. Ka bar wa masu tara kayan tarihi.

Yanzu ga inda kuɗi ke ƙonewa. Mutane kan ɓata mako suna gardamar alto ko teno, sannan su sayi wanda ya fi ƙyalli cikin minti biyar. Wannan ruwan zinariyar fenti ne a kan tagulla, bai ƙara wa murya komai. Tsohon sakso mai tabo-tabo da fatunsa ke rufewa da kyau ya fi sabo fil mai yoyon iska. Araha ba ta ado, kuma sunan da aka zana a jiki ma ba shaida ba ne, don jabun Yamaha da Selmer suna yawo a kasuwa. Na gaskiya irin na masu koyo, kamar Yamaha YAS-280 na alto ko YTS-280 na teno, ko Jupiter na Taiwan, sun yi suna ne saboda ƙarfensu bai lanƙwashewa da wuri. Wannan yana da muhimmanci a wajenmu, domin mai gyaran sakso ba kamar mai facin taya ba ne da za ka samu a kowace kwana. Maɓalli ɗaya ya goce, sai kaya sun yi tafiya.

Saboda haka kada a saya maka a bayan idonka, in da hali. Tafi da wanda ya iya busa, ko da za ka biya masa mota ta Ɗan Isa zuwa Katsina ko Kano. Ya busa sautukan can ƙasa, Do, Si da Si bemol, a hankali, ba da ƙarfi ba. In sai ya yi kumburi kafin su fito, ko suna rawa suna tsalle sama, akwai yoyo. Ku shiga ɗaki mai duhu, ku zura ƴar tocila cikin jikin sakson, ku danna maɓallan a hankali: duk inda haske ya leƙo ta gefen fata, nan iska ke gudu. Duba fatun ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi baƙi ta bushe ko ta tsage ta gama aiki. Girgiza wuyan sakson, wato lanƙwasar da ake sa wa bakin busa, bayan an ɗaure shi, kada ya yi motsi. Shinshina akwatin ma, warin ruma ba ya fita. A ƙarshe ku buɗe manhajar auna sauti a waya, ku gwada sautin ƙasa da takwaransa na sama. In mai shago ya ce, "Haba ɗana, sabo ne a leda, ba a buɗewa," ka ce, "Allah ya ba da kasuwa, Alhaji," ka yi gaba.

Akwai kuɗin da ba a lissafawa ranar saye, na ɗan harshen karan da ake ɗaurawa a bakin busa, wanda shi ke kaɗawa ya ba da sauti. Daga wani irin kara ake fere shi, mafi shahara shi ne na yankin Var a kudancin Faransa, kuma yana ƙarewa, yana tsagewa. Kowane sakso da girman nasa, na alto bai hawa teno. Kwalin Vandoren na alto guda 10 ne a ciki, na teno 5, kuma ɗaya-ɗaya na teno ya fi tsada, na bariton kuwa sai an yi oda. Duk wanda zai zaɓi iri ya fara tambayar kansa daga ina zai riƙa samun harshensa. Lambar da ke jiki taurinsa take nunawa. Masu koyo kan ɗauki 3 ko 3 da rabi don sun ji manya da shi suke busa, sai iska ta ƙi shiga, su ce ai alto ma ya fi ƙarfinsu. Fara da 1 da rabi ko 2, a kan bakin busa mai sauƙi irin Yamaha 4C. Kuma kada ka kumbura kumatu irin na masu algaitar fada, su dabararsu daban ce. A sakso kumatu a ɗame suke, iska daga ciki take tasowa.

Hunturu yana da nasa hukuncin a kan duk irin da ka zaɓa, amma babba ya fi shan wahala don fatunsa sun fi faɗi. Iska ta bushe, harshen kara ya kan bushe ya karkace tsakanin waƙa da waƙa, ƙura ta shiga sandunan maɓallai. Jiƙa harshen minti biyu ko uku a ruwa kafin ka ɗaura, ko ka nemi na roba irin na Légère, wanda bai buƙatar jiƙo, ya fi tsada amma yana daɗewa. Bayan busa, zura ƙyalle ka share cikin, ka mayar akwati ka rufe, kada ka rataye shi a bango don baƙi su gani. Kada ka bar shi cikin mota a rana, zafi na sassauta mannin fatu. In ka sha shayi mai sukari ko ka ci goro, kuskure baki tukuna, in ba haka ba maɓallin Sol diyez zai manne, kuma a tsakiyar waƙa yake yin hakan. In ya riga ya manne, saka ƴar takarda mai tsabta ƙarƙashin fatar, danna a hankali, ka ja ta waje sau biyu ko uku.