Yadda ake rubuta labarin soyayyar 'yan sakandare mai ban dariya, jarumar kuma tana da sikila

A labaran da ke yawo a Wattpad da WhatsApp, da zarar an ce jaruma ba ta da lafiya, to sai kuka har babin ƙarshe. Ba dole ba ne. Mai sikila ma tana da tsiwa, tana tsokana, tana kishi. Ga yadda za ki bi.

Da farko ki san ciwon kafin ki taɓa alƙalami. Sikila gado ce, ba ɗauka ake yi ba. Idan uwa da uba duk jininsu AS ne, wato suna ɗauke da gadon amma ba su da ciwon, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai sikila. Sanyin hunturu, ƙarancin ruwa a jiki, gajiya da zazzaɓin cizon sauro duk suna tayar da ita, kuma in ta tashi ƙashi take ci. Ki nuna wannan a ƙananan abubuwa: gorar ruwan da ba ta rabuwa da jakarta, rigar sanyi biyu a watan Janairu, idon da ya ɗan yi rawaya, kujerarta da ke kwana huɗu babu kowa.

Sai ki gina yarinyar, ki ba ta hali wanda ba ruwansa da asibiti. A ce tana aji biyu na babbar sakandare, wato SS2, bakinta ba ya mutuwa, kuma ta rantse ita za ta wakilci makaranta a gasar muhawara. Nan ne adawa za ta shigo. Abokin hamayyarta shi ne yaron da maki biyu kacal ke raba su kowane zango. Kada ki sa ya tausaya mata da wuri. Duk duniya lallaɓa ta ake yi kamar ƙwai, shi kaɗai ke ce mata ba ta iya lissafi ba, kuma abin da ya sa take lura da shi ke nan.

Mataki mafi wuya shi ne dariyar. Ƙa'ida ɗaya ce: daga bakinta za ta fito, ba a kanta ba. Ita ce za ta ce wa 'yan aji, "Ku sai da kuka ci jarrabawa kuka shiga SS, ni da shi aka haife ni." In wani ne ya faɗa, ya zama gori. Sauran barkwancin yana nan cikin gida: kaka mai jiƙe-jiƙen da ba sa ƙarewa, gwaggo mai zuwa dubiya ta cinye ayabar majinyaciya. Ga kuma wasan taubasai, ko ki sa shi Bafulatani ita Babarbariya, tsokanar ta samu lasisi. Amma ranar da ciwon ya tashi tsakar dare, ki ajiye wasa. Shafi ɗaya na gaskiya ya isa, kada ki ja.

Soyayyar kuwa ki bar ta a shekarunsu. Ya kwafe mata darasin da ya wuce ta, ya aiko ƙanwarsa da littafin, a gefen shafi ya rubuta cewa ko da wannan ba za ta kamo shi ba. Ya wadatar.

Sannan ki yanke shawara kan jininsa. Tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure, saboda haka masu karatu za su tambaya. In AS ne, kin samu rikicin da ya fi na muhawara nauyi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kashe ta don kawai a samu hawaye. Masu sikila da yawa suna gama jami'a, suna aiki, suna aure.

Kafin ki saki babi na farko, ki ba wata mai ciwon ta karanta a gabanki. Duk wurin da kika sa dariya ita kuma ta yi shiru, ki goge shi.